Gizo da Turmin Kura

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cinye mini tuwo kuka bar ni da ƙanzo."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To ku matso kusa, muryata ba ta kai ta da ba. Kai Barau, sauka daga kan turmin nan. Ba a zama a kan turmi, kuma yau za ka ji wanda ya taɓa kwana a cikinsa.

Wata shekara Kura ta yi sa'a, ta tsinci mushen ɓauna a bakin fadama. Ta ci, ta ci, har haɗama ta sa ta gatsa ƙashin cinya, haƙorinta ya tsage. Kunci ya kumbura, tauna ta gagara. Sai ta yanyanka sauran naman ta shanya a igiya bayan ɗakinta, tana jiran ranar da bakin zai lafa.

Gizo ya biyo ta hanyar, hancinsa ya ba shi labari. Ran farko ya zari yanka ɗaya. Ran na biyu ya zari biyu. Ran na uku ya zo da buhu, kun san ƙuda wajen kwaɗayi yakan mutu. Ya cika buhu, ya ga saura yanka guda a igiya, ya tura shi cikin hularsa. Yana mayar da hular a ka sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Sannu da aiki, Gizo," in ji Kura.

"Yanki ya daɗe, Yaya Kuya!" Haka yake magana, da tsamin bakinsa. Amma ba zan yi ta kwaikwayonsa ba, haƙoran da suka rage mini ba su da yawa. Ya ce, "Hadari na gani, na ce bari in kwashe miki shanya."

Kura ta ɗaga kai ta dubi sama, babu ko gajimare ɗaya. Ta ce, "Da bakina lafiya, da tuni ka zama labari. Amma ba komai. Daka ka zan yi da barkono da citta da gishiri, in yi dambu da kai, in haɗiye ba sai na tauna ba."

Ta ja shi zuwa gindin rumbu inda turminta yake. Tana taɓa turmin sai ya ruguje, ashe gara ta cinye cikinsa tun bara. Kuma wa zai ara wa Kura turmi? Abin da ya shiga gidanta ba ya fitowa.

Gizo ya ga 'yar ƙofa ta buɗe. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ni jikan masassaƙa ne. In dai daka ni za a yi, kada a daka ni a turmin banza. Ki bari in sassaƙa miki sabo da hannuna."

Kura ta yi dariya har kuncin ya motsa mata. Ta shiga daji ta saro gungume uku na ƙirya, ta jere su a tsakar gida, ta jefa masa tsohon gizago. Ta ɗaura masa igiyar fata a ƙugu, ɗaya bakin ta ɗaure a kunnenta. Ta ce, "Gungume uku, kwana uku. Ranar da turmi ya fito, ranar zan daka ka. In na uku ya lalace, a kan dutse zan niƙa ka, kuma wannan ya fi daɗewa."

Gizo ya ce gizago yana buɗe bakin turmi ne kawai, rarake ciki sai da wuƙa. Don haka da hantsi suka nufi maƙera, Gizo a gaba, Kura a baya, igiya a tsakani.

Maƙerin garin tsohon Kunkuru ne, wanda ya ƙera wa kakannin masassaƙa kayan aiki. Ya dubi igiyar, ya dubi Gizo, ya dubi miyan da ke zuba daga bakin Kura. Nan take ya gane. Ya shimfiɗa buzu ya jera wuƙaƙe uku. Ta farko doguwa ce miƙaƙƙiya, tana walƙiya, da ƙota mai ado. Ta biyu faffaɗa ce mai nauyi, irin ta mahauta. Ta uku 'yar ƙarama ce baƙa, bakinta a lanƙwashe kamar yatsan da ke lasar ƙwarya, ƙotarta duk ta sha hannu.

Kunkuru ba shi da halin yin magana a fili, ga Kura tsaye a kansa. Sai ya tura 'yar ƙaramar da ƙafa zuwa gaban Gizo, ya ce a hankali, "Ɗana, wannan tana shiga inda taɓarya ba ta zuwa."

Gizo ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan doguwar, a ransa yana cewa, wannan sara ɗaya za ta yi wa igiya. Ya ce, "Baba Kunkuru, wannan ƙugiyar ka ajiye wa masu sakace. Ni babban aiki ne a gabana."

Kunkuru ya ce, "To."

Suka koma. Gizo ya kama gungume na farko da gizago, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har rana ta take. Kura ta kwanta a inuwar rumbu, ido ya rufe, minshari ya tashi. Gizo ya ɗauki doguwar wuƙa, ya ɗora a kan igiya, ya ja sau ɗaya. Igiyar fata ba ta yankuwa da ja ɗaya. Ya ja na biyu, kunnen Kura ya motsa. Ya ja na uku, sai ya ga ido ɗaya ja wur yana kallonsa.

"Me kake yi, Gizo?"

"Kaifi nake gwadawa, ranki ya daɗe."

"Gwada a itace."

Ya zura wuƙar cikin ramin da gizago ya buɗe. Miƙaƙƙiyar wuƙa ba ta san zagaye ba. Tsininta ya kafe a gindi, ya danna, ta ƙi. Ya banƙara, ta ƙi. Ya hau ƙotar da dukan nauyinsa, sai ɓaras, gungume ya dare biyu.

Kura ta tashi, ta ɗauki ɓari ɗaya ta jefa a murhu. Ta ce, "Saura biyu." Ranar ko ruwa ba ta ba shi ba.

Washegari suka koma maƙera. Kunkuru ya sake shimfiɗa buzu, ya sake turo 'yar baƙar, ya sake cewa, "Ɗana, wannan tana shiga inda taɓarya ba ta zuwa."

Amma Gizo ya kwana da sabuwar dabara, kuma mai dabara ba ya jin ta wani. Ya ce a ransa, zan huda gindin turmin in toshe da laka, in an jefa ni ciki in sulale ta ƙasa. Ya ɗauki faffaɗar mai nauyi. Kunkuru ya girgiza kai ya ce, "To."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, har la'asar. Da Kura ta juya baya tana gasa kuncinta da tsumma mai zafi, Gizo ya luma faffaɗar wuƙa a gindin turmin, ya murɗa, ya fitar da rami daidai jikinsa. Ya cusa laka, ya shafe da garin itace, ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Kura wawuya ce wajen abinci, amma ba wajen turmi ba. Ta leƙa. Ta shinshina. Ta ɗauki taɓarya ta saki sau ɗaya a tsakiya, sai taɓaryar ta faɗa fuu, ta fita ta ƙasa ta daki tsakar gida, laka ta fantsama.

Ke Lantana, cire yatsa daga baki. Ni ma da aka fara ba ni labarin nan, a nan ne na rufe ido.

Kura ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Gizo. Ta jawo igiyar a hankali har hancinsa ya taɓa nata. Ta ce, "Saura ɗaya. Ga dutsen niƙa can, na wanke shi."

Gizo ya zauna gindin gungume na uku, yunwa na murɗa masa hanji. Ya tuna da yankan naman da ke cikin hularsa. Ya kai hannu, ya janye. Ya sake kaiwa, ya janye. Yana ta kallon turmin da ya huje, yana tunanin yadda taɓarya ta bi ramin nan sak, kamar an nuna mata hanya. Sai abin ya faɗo masa. Duk inda miƙaƙƙiyar wuƙa ta shiga daga sama, taɓarya ma za ta shiga, don hanyarsu ɗaya. Ya dafe kai ya ce, "Wayyo ni! Sau biyu tsohon nan yana faɗa mini!" Tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce ta farko da nama ya kwana a jikinsa yana sane da shi bai ci ba.

Ran na uku, kafin Kunkuru ya gama shimfiɗa buzu, Gizo ya wawuri 'yar baƙar wuƙar.

Kura ta ce, "Tsaya. Jiya da shekaranjiya ka raina ta. Me ya canza?"

Kunkuru ne ya amsa, yana hura zuga-zugi, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ranki ya daɗe, ita ce ke sulɓe ciki. Turmin da ba a sulɓe ba yakan bar tsinken itace a dambu, ya shige wa mai ci a haƙori."

Kura ta dafe kunci ta ce, "A ɗauke ta."

Suna fita Kunkuru ya yi magana kamar da garwashinsa yake, "Sai dai an ce ba a fafe gora ranar tafiya."

Gaskiya ya faɗa. Ƙirya itace ne mai taurin kai. Gizago ya cinye safiya, ya cinye azahar. Sai da inuwar rumbu ta fara miƙewa sannan Gizo ya zura kai da hannu cikin turmin da 'yar wuƙarsa. Ya kai ta ƙasa, kusa da gindi, ya juya bakinta zuwa gefe. Sai ga wuƙa tana cin itace a kaikaice, tana lanƙwasa tana shiga cikin bango, tana fito da ɓawo siriri kamar na albasa. Wanda ya leƙo daga sama ba zai ga komai ba, don leɓen ramin ya rufe shi.

"Gizo, ka gama?"

"Saura kaɗan, ina sulɓewa."

Ƙurus, ƙurus. Lungun da yake fafewa ya isa kansa.

"Gizo, ka gama?"

"Saura kaɗan, akwai wani ƙulli."

Ƙurus, ƙurus. Lungun ya isa kansa da cikinsa, amma ƙafafu babu wuri. Ya cire naman daga hula ya tura ciki, ya tura wuƙar a bayansa.

"Gizo, rana ta kai kan tsamiya. Fito."

Ya toshe bakin lungun da ɓawon itace, ya fito yana zufa.

Kura ta leƙa, ba ta ga komai ba. Ta zuba ruwa, bai zuba ta ƙasa ba. Ta saki taɓarya, turmi ya amsa dum, lafiya lau. Ta zura hannu tana shafa bango, farcenta ya wuce ta kan leɓen lungun. Amma hannun Kura ba ya lanƙwasa a kaikaice. Ta ce, "Kai, ashe da gaske jikan masassaƙa ne. Allah ya jiƙan kakanka, ka gaishe shi."

Ta kwance igiya, ta ɗaga Gizo ta jefa shi ciki. Ta juye masa ƙwaryar barkono, ta juye citta, ta watsa gishiri, har suka binne shi. Ta juya ɗaukar taɓarya. Cikin wannan ɗan juyin Gizo ya nutsa ƙasa, ya yaye ɓawon itace, ya jawo naman ya tura tsakiya, ya cusa kansa a lungu. Ciki ya shiga. Ƙafafu suka ƙi. Ya ji inuwar taɓarya ta rufe bakin turmi. Ya naɗe ƙafafun, ya karya su biyu-biyu, ya jawo su kan ƙirji da ƙarfin tsiya.

Dum!

Taɓarya ta sauka, iskarta ta share masa gashin gwiwa. Dum! Barkono ya tashi ya cika lungun, ya shiga ido, ya shiga hanci. Atishawa ta taso masa tun daga cibiya. In ya yi ta, ya mutu. Ya ciji hularsa, hawaye na zuba. Dum! Dum! Dum! Kura na daka tana waƙa, shi yana ƙirga kowace saukar taɓarya yana roƙon Allah.

Da ta gaji ta kwashe dakan a akushi, ta ɗanɗana. Ta ce, "Ikon Allah! Ɗan banzan nan ya ci ɓaunata har ɗanɗanonta ya koma jikinsa." Ta lashe akushi tas. Sannan ta yi abin da kowace mace ke yi in ta gama daka, ta kife turmin. Ta kuma ɗora dutsen niƙa a kai don kada kaji su ture.

Gizo ya tsira daga taɓarya, ya shiga kabari. Ba ƙofa, ba ruwa, ga yaji, ga ƙafafu a naɗe, kuma yana jin numfashin Kura a gefe, don a nan inuwar take kwanciya. Fitowa daga lungun ma ya kasa, ya cushe kamar toshiyar gora.

To ashe tun da suka bar maƙera, Kunkuru ya kashe wutarsa ya kama hanyar gidan Ƙoƙi, matar Gizo. Gidan ba nisa, amma tafiyar Kunkuru ce. Sai da safiyar kwana na uku ya isa. Ya tarar da Ƙoƙi ta yi kuka har murya ta dushe, don Kura ta riga ta baza labari a gari.

Ya ce, "Ƙoƙi, share hawaye, amma kada ki share duka, za ki bukace su. Yau sadakar uku. Je ki aro turmin Kura ki daka gumba."

"Baba, turmin da aka daka mini miji a ciki?"

"Wuƙata ba ta dawo ba. Masassaƙin da bai mayar da wuƙa ba bai gama aiki ba. Je ki."

Ƙoƙi ta yafa zane ta tafi. Ta durƙusa a gaban Kura ta ce, "Yaya, abin da ya faru ya faru. Ki ara mini turmin da ya sassaƙa da hannunsa, in daka gumbar sadakarsa."

Kura ta ce, "Ina naki turmin?"

"Ya tsage, Yaya. Mai gyarawar kuma kin san inda yake."

"Gumbar da zuma za a yi ta?"

"Da zuma, Yaya. Babban curi naki ne."

Kura ta haɗiye miyau. Ta sauke dutsen niƙa, ta birkice turmin, ta buga gefensa da tafin hannu don ta kakkaɓe. Garin barkonon da ya kwanta ya sake tashi. Atishawar da Gizo ya riƙe kwana biyu ta ce yau kam sai ta fita.

"Atsss..."

Kunnuwan Kura suka miƙe. Ƙoƙi kuwa tana gane muryar mijinta ko a cikin rijiya. Nan take ta saki tata, "Atishaa! Atishaa!" ta faɗi ƙasa tana birgima tana kururuwa, "Wayyo Gizo! Wayyo maigidana! Ko ƙanshin yajin da aka daka ka da shi bai fita ba!"

Kura ta dube ta, ta dubi turmin. Ta sunkuya ta kai hanci bakinsa. Ƙoƙi ta ƙara murya har kajin gidan suka watse. Barkono ya daki hancin Kura, ita ma ta saki tata atishawar, ciwon haƙori ya tsarga mata har ƙwaƙwalwa. Ta ce, "Ɗauki ki bar mini gida, kin cika ni da ihu! Kada ki manta curina."

Ƙoƙi ta ɗora turmi a ka. Ba ta yi gudu ba, don mai takaba ba ta gudu, kuma tana jin idon Kura a bayanta har ta sha kwanar tsamiya. Daga nan kam zane a hannu.

A gida ita da Kunkuru suka kwantar da turmin, suka sa muciya suka zaƙulo Gizo. Ya faɗo ƙasa a dunƙule, ido jawur, wuƙar na manne a cikinsa. Aka ba shi ruwa. Aka daka gumba, ya cinye sadakar kansa har da curin Kura. Sannan ya yunƙura zai miƙe.

Ƙafafu suka ƙi. Ƙoƙi ta ja, ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, a banza. Yadda ya naɗe su a lungun nan, haka suka zauna, gwiwoyi sun fi kai tsawo. Gizo ya fashe da kuka, kukan gaske, ba irin wanda yake yi in an kama shi da sata ba.

Kunkuru ya ɗauki wuƙarsa ya goge bakinta da ganye. Ya ce, "Da ka ɗauke ta ran farko, da kana da kwana uku. Da ka fafe ɗaki har da wurin miƙe ƙafa."

Tun daga ranar ƙafafun Gizo suke a lanƙwashe, haka 'ya'yansa, haka jikokinsa. Kuma har yau Kura na tsammanin ta cinye shi, shi ya sa ba ya yawo a fili, sai lungu, sai kusurwar ɗaki, sai ƙarƙashin turmin da aka kife.

To kun ji. Ba a zaɓar kayan aiki don walƙiyarsu ko girmansu, aikin ne ke faɗin wuƙarsa. Kuma in wanda ya tsufa a sana'a ya turo muku abu da ƙafa, ku sunkuya ku ɗauka tun ran farko, don wayon da ya zo a makare yakan ceci rai ya bar mutum da tabo.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe da safe ya ɗaga turmin da Barau ya zauna a kai, ya ƙirga gwiwoyin wanda zai gani a ciki.